Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikilisiyoyin Ghana Kan Zaluntar Marasa Ƙarfi

Zuwa ga shugabannin Majalisar Kiristocin Ghana, da Majalisar Ikilisiyoyin Fentikos da Karismatik, da Taron Bishop-bishop na Katolika, da kuma fastoci da dattawan da ke kula da masu sujada da Hausa a Kumasi.

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da aka danƙa a hannunku. Ni ɗaya ne daga cikin 'ya'yanku da ke zaune a Aboabo, a nan Kumasi, cikin waɗanda Hausa ce harshen cinikinsu da na addu'arsu. Na rubuto muku a fili, kuma da Hausa, domin mafi yawan mutanen da zan yi magana a kansu daga arewa suka gangaro kurmi, kuma ya kamata su ma su ji abin da ake nema musu a wurinku. Ban rubuto don cin fuska ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa fiye da kashi 71 cikin ɗari na mutanen ƙasar nan Kiristoci ne. Muna yawan ambaton wannan adadi da alfahari, amma yana da wata fuska da ba mu cika son kallo ba. A ƙasar da mutum bakwai cikin goma ke amsa sunan Almasihu, duk lokacin da aka doki tsohuwa, ko aka ɗaure mai taɓin hankali, ko aka hana yarinya ladan dakonta, da wuya a ce babu hannunmu a ciki. Abin da nake so in faɗa muku shi ne, Littafi Mai Tsarki ya ɗauki zaluntar mara ƙarfi a matsayin laifin da aka yi wa Allah kansa, kuma wani kaso na wannan zalunci a yau da sunan addu'a ake yin sa, wani kuma a gidaje da shagunan masu bi. Buhunan shinkafar da muke kaiwa gidajen marayu a watan Kirsimeti ba za su wanke wannan ba.

A Littafin Fitowa, sura 22, aya 21 zuwa 24, an umarci Isra'ilawa kada su cuci baƙo, domin su ma baƙi ne a Masar, kuma kada su wulaƙanta gwauruwa ko maraya. Abin da ya biyo baya ne ke sa jikina sanyi. A yawancin dokokin da ke kewaye da wannan wuri, an faɗi diyyar da za a biya da hukuncin da alƙalai za su yanke, kamar wanda ya saci sa ya biya biyar, wanda ya saci tunkiya ya biya huɗu. Da aka zo kan gwauruwa da maraya kuwa, Ubangiji bai miƙa shari'ar ga alƙali ba, sai ya ce idan suka yi kuka gare shi zai ji, fushinsa zai yi ƙuna, matan azzaluman su zama gwauraye, 'ya'yansu kuma marayu. A ganina dalilin a bayyane yake. Waɗannan mutane ba su da mai tsaya musu a ƙofar gari inda ake yanke hukunci, saboda haka shi da kansa ya zama mai tsaya musu. Karin Magana 14:31 ta ƙara fito da zancen, inda ta ce wanda ya zalunci matalauci Mahaliccinsa ya zaga.

Dokar Musa ba ta tsaya a kan manyan kalmomi kaɗai ba, ta shiga har cikin ƙananan abubuwan da mai ƙarfi ke ganin ba kome ba ne. Littafin Firistoci 19:14 ya hana zagin kurma, ya kuma hana sa wa makaho abin tuntuɓe. Kurma ba zai ji zagin ba, makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba, babu mai kai ƙara, babu shaida, shi ya sa ayar ta ƙare da cewa ka ji tsoron Allahnka. A Maimaitawar Shari'a sura 24, an ce mai bin bashi kada ya karɓi dutsen niƙa jingina, domin ran mutum ke nan ya karɓa, kuma idan ya je karɓar jingina kada ya kutsa cikin gidan wanda yake bi, ya tsaya a waje har a fito masa da ita. Idan mayafin matalauci ne ya karɓa, sai ya mayar masa kafin rana ta faɗi don ya samu abin rufa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake shiga ɗakin haya a watsar da kayan mutum a tsakar gida a gaban 'ya'yansa saboda bashin wata biyu, ya san abin da wannan doka ke karewa, wato mutuncin wanda ba shi da ko sisi.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini rai, wato zargin maita. A watan Yulin 2020, a garin Kafaba kusa da Salaga, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya yi ajalinta, da rana tsaka, bayan wata mai duba ta ce mayya ce. Jama'a na tsaye suna kallo, wani kuma yana ɗauka da waya, har bidiyon ya zagaye ƙasa. A 2023 babbar kotun Tamale ta yanke wa mata biyu ɗaurin shekara 12 kowacce. Za a iya cewa wannan aikin masu duba ne na arewa, babu ruwan ikilisiya. To, a 2010 a Tema, birnin da ke bakin teku, an cinna wa wata tsohuwa mai shekara 72 wuta bisa irin wannan zargi, ta mutu, kuma cikin waɗanda 'yan sanda suka kama har da wani fasto. Har yanzu akwai ɗaruruwan mata a matsugunan Gambaga, da Kukuo, da Gnani, da Kpatinga, waɗanda suka gudu ko aka kore su daga garuruwansu, wasu tare da jikokin da aka cire daga makaranta don su ɗebo musu ruwa da itace.

Ku dubi waɗanda ake zargi. Kusan kullum mace ce, tsohuwa, wadda mijinta ya mutu, ko ba ta da ɗa namiji mai faɗa a ji, ko kuwa gigin tsufa ya fara taɓa ta har tana sambatu, tana fita da dare ta manta hanyar gida. Wani lokaci kuma gida ko gona mijinta ya bar mata, wasu suka sa ido a kai. Ban taɓa jin an nuna uwar wani babban attajiri ko matar wani mai mulki an ce ita ce ta kama kurwar yaro ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi shakkar irin wannan wahayi da ba ya sauka sai a kan wadda ba ta da gata.

Inda abin ya shafe ku kai tsaye shi ne mumbari. Ba wanda ke sauraron gidajen rediyon Kumasi da asuba, ko ya kalli tashoshin talabijin na masu kiran kansu annabawa, da bai ji ana gaya wa matashi cewa uwarsa ko kakarsa ce ta ɗaure kasuwancinsa, ko ta hana matarsa haihuwa, ko ta sa aka hana shi bizar Amurka ba. Mai wa'azin ba ya ɗaga sanda, amma saurayin da ya fita daga taron ya hau mota zuwa ƙauye da wuta a zuciyarsa, maganar da ya ji ce ta ɗaga masa. Ayar da suka fi riƙewa ita ce Fitowa 22:18, wadda ta ce kada a bar mai sihiri da rai. Aya uku kacal ke tsakaninta da wurin da na ambata a sama, inda aka yi alkawarin fushin Allah a kan mai wulaƙanta gwauruwa, amma ba sa kai idonsu can. Ba sa kuma karanta Maimaitawar Shari'a 19, aya 15 zuwa 19, wadda ta ce ba a kama mutum da laifi sai da shaidu biyu ko uku, alƙalai su yi bincike mai zurfi, kuma idan aka gane shaidar zur ce, a yi wa mai shaidar abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Mafarkin mai zazzaɓi ba shaida ba ne, haka ma maganar da aka tatsa daga bakin tsohuwa da bulala. A Sabon Alkawari kuwa, da Bitrus ya gamu da Siman mai sihiri a Samariya, tsawata masa ya yi ya ce ya tuba, bai tara masa jama'a ba. A Afisa ma, littattafan sihiri aka ƙone, masu su da kansu suka kawo, ba a taɓa jikin kowa ba. Ban zo in yi gardama da ku kan ko akwai mugayen ruhohi ba. Na zo in ce ko da akwai, babu inda Almasihu ko manzanninsa suka ba wa mai bi izinin nuna wata tsohuwa da yatsa ya ce ita ce.

A watan Yulin 2023 majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin da zai mayar da zargin maita laifi, wanda ɗan majalisa mai wakiltar Madina, Francis-Xavier Sosu, ya jagoranta tare da wasu abokan aikinsa. Shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba, bisa hujjar cewa ƙudurin zai ɗora wa baitulmali nauyi alhali ba gwamnati ce ta kawo shi ba, har wa'adin waccan majalisa ya ƙare. Mun ga irin ƙarfin da muryarku ke da shi idan kuka haɗa kai a kan wani ƙuduri da kuke so, yadda kuke zuwa majalisa da fadar shugaban ƙasa, kuna fitar da sanarwa, kuna sa a yi wa'azi a kai ranar Lahadi. Ina roƙonku ku sa irin wannan nauyi a bayan wannan doka, har ta tabbata kuma a yi aiki da ita. Ikilisiyar Presbiteriya ta daɗe tana aiki a Gambaga, tana sasanta matan da danginsu don su koma gida, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai ba zai yiwu hannu ɗaya yana mayar da su gida, wani hannun da ke ɗauke da Littafi guda yana korar wasu ba.

Abu na biyu shi ne sansanonin addu'a. Na taɓa raka wani maƙwabci duba ƙaninsa a ɗaya daga cikinsu, a bayan gari. Saurayi ne da ya gama sakandare, ciwon ya kama shi yana koyon aikin kanikanci. Mun same shi a gindin bishiya, da sarƙa a ƙafa an danna mata kwaɗo, fatar idon sawunsa ta sale ta yi fari, ga tabarma a gefe da bokitin da yake biyan buƙata a ciki, duk a inda tsawon sarƙar ya kai. Leɓɓansa sun tsage, domin an sa shi azumi, ba a tambaye shi ba. Da ya ga wansa bai yi ihu ba, bai yi fizge-fizge ba, sai ya tambaye shi ko ya zo da ruwa. Mai kula da wurin ya yi mana bayani cikin fara'a cewa ana raunana jikin ne don aljanin ya rasa wurin zama, kuma ya hana a ba shi maganin asibiti domin, a cewarsa, magani alamar rashin bangaskiya ne.

Abin da na gani ba sabon labari ba ne a wurinku. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan haka a 2012, shekarar da ƙasar nan ta kafa Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa mai lamba 846. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa ya zo a 2013 ya gani da idonsa, kuma a 2017 Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta sanar da haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa. Ba na ɗora wa iyalai laifi da yawa. Manyan asibitocin masu taɓin hankali na gwamnati uku ne, na Accra, da Pantang, da Ankaful, dukansu a kudu, magani kuma da tsada, kuma uwar da ɗanta ya fara fasa kaya da dare tana neman duk inda za a karɓe shi. Amma wanda ya karɓe shi da sunan Yesu, dole ne ya yi masa yadda Yesu ya yi. A Markus sura 5, mutumin ƙasar Garasinawa da ke zaune a makabarta, mutanen gari ne suka sha ɗaure shi da sarƙa da mari. Sarƙa dabararsu ce, kuma ba ta yi amfani ba. Da Almasihu ya gama da shi, sai aka same shi zaune, sanye da tufafi, cikin hankalinsa, aka kuma aike shi gida wurin danginsa. A Luka 13, da ya warkar da matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, ya kira ta 'yar Ibrahim, ya ce ya wajaba a kwance ta. Ishaya 58 kuma, wadda ake karantawa a lokacin azumi, ta ce azumin da Allah ya zaɓa shi ne a kwance sarƙoƙin mugunta, a saki waɗanda ake danniya, a raba abinci da mayunwata. Yaya aka yi muka juya wannan sura, har azumi ya zama dalilin ɗaure mutum da hana shi abinci?

Na san amsar da za ku ba ni, cewa yawancin waɗannan sansanoni da annabawa ba sa ƙarƙashinku, kowa ya kafa nasa ne, kuma tsarin mulki ya ba wa kowa 'yancin addini. Gaskiya ne, amma ba dukansu ba, domin akwai sansanonin da ke ɗauke da sunan manyan ikilisiyoyi. Waɗanda ba naku ba kuma, 'ya'yanku ne ke cika su, su yi sujada a wurinku ranar Lahadi, ranar Laraba su tafi can da marasa lafiyarsu. Tsarin mulkin 1992 da ya ba da 'yancin addini, shi ne kuma ya ce a sashe na 15 ba a keta mutuncin ɗan Adam. Idan fasto ya tsaya a gaban jama'arsa ya ce farfaɗiya ciwo ce da ake shan magani a kanta, taɓin hankali ma haka, kuma zuwa sashen masu wannan ciwo a asibitin Komfo Anokye ba saɓon Allah ba ne, to ya kwance sarƙoƙin da 'yan sanda ba za su taɓa ganowa ba. Almajirai ma sun tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya.

Sai kuma abin da ke faruwa a ƙarƙashin hancinmu kullum, a Kejetia da Adum da bakin tashoshin mota. 'Yan mata masu dako da ake kira kayayei, yawancinsu daga ƙasar Mamprusi da Dagomba da Gonja, suna yawo da kwanon silba da gammo, wasu da goyo a baya. Ku tsaya minti goma a ƙofar kasuwa za ku ga abin da nake nufi. Uwargida ta gama sayayya, a ɗora wa yarinya doya da jarkar manja da buhun albasa, sai mutum biyu sun kama kafin kwanon ya hau kanta, jijiyoyin wuyanta su miƙe, ta bi uwargidan a baya cikin cunkoso har inda aka ajiye mota. Ba a yi ciniki tun farko ba, domin yarinyar ba ta jin Twi sosai, kuma tana tsoron kada a kira wata. A bakin mota sai a miƙa mata abin da aka ga dama, idan ta buɗe baki a ce mata ba ta da kunya, ko a ce ta fasa ƙwai don haka babu kome. Sau da yawa a bayan motar akwai takardar da aka manna mai ɗauke da sunan ikilisiya da ayar shekara. Da dare waɗannan yara a bakin shaguna da rumfuna suke kwana, inda ruwan sama da sauro da maza marasa tsoron Allah ke samun su.

Gwamnati ta soke harajin kasuwa da ake karɓa a hannunsu a kasafin kuɗin 2017, kuma Dokar Yara ta 1998 ta sa ɗaukar kaya masu nauyi cikin ayyuka masu haɗari da ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ya yi ba. Amma doka ba ta tsayawa a bakin mota lokacin biya, tsoron Allah ne kaɗai ke tsayawa a wurin. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce kada a zalunci ɗan ƙodago matalauci, ɗan ƙasa ne ko baƙo, a biya shi a ranar kafin rana ta faɗi, domin zuciyarsa na kan kuɗin. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne wa masu girbi yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Haka zancen yake game da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, ta zama ita ce ta farkon tashi, ta ƙarshen kwanciya, tana cin saura a kicin, kuma ranar Lahadi ita ce ke riƙe da jariri a bayan majami'a yayin da uwar ɗakinta ke jagorantar waƙa a zumuntar mata. Ban taɓa jin an dakatar da wani daga cin jibin Ubangiji saboda ya doki 'yar aikinsa ba, alhali yarinyar da ta yi ciki ba aure ba ta kwana biyu ba a sanar da horonta ba.

Game da gwauraye ba zan tsawaita ba, domin doka ta riga ta yi magana. Dokar gado ta 1985, wadda aka sani da lamba 111, ta ba wa mata da 'ya'ya kayan cikin gida da gidan da mamaci ya bari idan guda ɗaya ne, ko da al'adar dangi ta ce ɗan 'yar'uwa ne magaji. Matan da yawa ba su san haka ba, kuma fasto ne ke tsaye a wurin jana'iza lokacin da dangin miji ke karɓar makullai. Yesu ya yi kashedi da malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i, kuma a wannan sura ta Markus 12 ce ya ga gwauruwar da ta jefa 'yan kuɗinta biyu a baitulmalin Haikali. Muna wa'azi da ƙarshen surar a ranar tara kuɗin gini, muna tsallake kashedin da ya gabace shi.

Annabi Amos makiyayi ne daga Tekowa, ya je Betel a zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da ƙasa ke cikin wadata, wuraren sujada kuma cike. Ya ce suna sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, suna kwanciya a gefen bagade a kan tufafin da suka karɓa jingina, kuma Allah ya ƙi bukukuwansu, ba zai saurari kiɗan molayensu ba. Wanda ya kore shi ba soja ba ne, Amaziya ne, firist na Betel. Ezekiyel 34 kuma da makiyaya take magana kai tsaye: ba su ƙarfafa raunana ba, ba su warkar da marasa lafiya ba, ba su ɗaure wa karyayyu karaya ba, da ƙarfi da mugunta suka mallake su. Surar ba ta bar tumaki masu ƙiba ba, waɗanda ke tunkuɗe ramammu da kafaɗa da ƙaho, saboda haka mu da ke zaune a kan benci ba mu tsira ba. Amma da makiyayan aka fara.

Akwai kuma darasi a Ayyukan Manzanni sura 6 da ya dace da Kumasi ƙwarai. Gunaguni na farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan gwauraye ne, kuma harshe ne ya raba, domin ana manta gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce masu ƙorafin suna kawo rarrabuwa ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanas, dukansu masu sunayen Helenanci, aka danƙa musu aikin. A nan ma mai rauni sau da yawa shi ne wanda ba ya jin Twi ko Turanci, wanda ba zai iya bayyana kukansa a ofishin 'yan sanda ko gaban dattawa ba. Mu masu jin Hausa muna iya zama bakinsa, domin da yawa daga cikin 'yan arewa da Hausa suke samun mai fahimtarsu a zango, amma sai an ba mu wurin.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ku fitar da matsaya guda, da sa hannunku duka, cewa duk mai hidimar da ya kira wani maye ko mayya, a mumbari ko a rediyo ko a ɗakin ba da shawara, za a sauke shi, kuma a karanta wannan matsaya a kowace majami'a da harshen da mutanen wurin ke ji, har da Hausa da Dagbani da Mampruli da Gurune. Ku buɗe ƙofofin duk sansanin addu'a da ke ɗauke da sunanku ga jami'an Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ba tare da sai sun sanar da zuwansu ba, ku kuma haɗa kowane sansani da ma'aikacin jinya da zai riƙa zuwa. A makarantun horar da fastoci, a koya wa ɗalibai alamomin gigin tsufa da farfaɗiya da taɓin hankali, da dokar gado, da hanyar kai ƙara ofishin 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, wato DOVVSU, ko hukumar kare hakkin ɗan Adam ta CHRAJ, domin fasto ne mutum na farko da ake kira kafin likita da lauya. Yawancin 'yan matan kasuwar nan Musulmi ne, kuma wannan bai rage kome daga hakkinsu a kanmu ba, tun da dokar Musa baƙo ta ambata. Ku nemi limamai da sarakunan zango ku yi aikin tare. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Accra a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, don haka ƙofar a buɗe take.

Abu na ƙarshe ba ya buƙatar taro ko sanarwa. Tsakanin Adum da Asafo da Bantama akwai majami'u da ajujuwa da ɗakunan taro da ake kullewa da magariba, suna da rufi da famfo da bayan gida da mai gadi, yayin da 'yan mata da jariransu ke kwana a kan kwali a bakin titi kusa da katangarsu. Kowace ikilisiya da ke kusa da kasuwa ta ware ɗaki ɗaya kafin damina mai zuwa, ta sa dattijai mata biyu su kula da shi, kada a karɓi kuɗi, kada kuma a sa wa kowa sharaɗin halartar sujada. A ikilisiyarmu akwai mata da maza masu jin Hausa da Dagbani da suka shirya yin tafinta da kwanan gadi, idan kun ba da izini da makulli.

Naku cikin bangaskiya,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanku,
Aboabo, Kumasi.